Ilmin Ƙididdiga da Auna Hujjar Bincike: Bayani ga Ɗaliban Ƙasar Gumel

An shirya wannan ɗan littafi ne domin samari da 'yan mata na ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda Allah ya nufa da shiga manyan makarantu. Waɗansunsu suna Kwalejin Ilmi ta Gumel, waɗansu suna Jami'ar Tarayya ta Dutse wadda aka kafa a 2011, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa wadda aka kafa a 2013, waɗansu kuwa sun tafi Jami'ar Bayero ta Kano ko ta Ahmadu Bello ta Zariya. Ko wane fanni yaro ya ɗauka, aikin gona ne, ko kiwon lafiya, ko tattalin arziki, ko koyarwa, da wuya ya fita ba a ɗora masa darasin ƙididdiga da na hanyoyin bincike ba. Wanda ya faɗi darasin nan sai ya maimaita. Maimaici kuwa kuɗi ne, kuɗin nan kuma sau da yawa rago ne ko buhun riɗi da uba ya kai kasuwa ya sayar.

Abin da ya fi kā da ɗalibai shi ne ɗaukar darasin kamar hadda. Sai yaro ya haddace ƙa'idodin lissafi tsaf, ya shiga ɗakin jarrabawa, a miƙa masa wani rahoto a ce ya faɗi ko a yarda da shi ko kada a yarda, nan ido ya raina fata. Dalili kuwa shi ne, lissafin rabin aikin ne kawai. Ɗaya rabin shi ne hukunci. Adadi kamar mai ba da shaida yake a gaban alƙali, ba a karɓar maganarsa sai an san ko shi wane ne, da inda ya tsaya sa'ad da abin ya faru, da ko yana da wata riba a shari'ar. Duk yaron da ya zauna gaban malamin hadisi ya riga ya san wannan hanya, domin ya ji yadda akan bi isnadi mutum bayan mutum kafin a ce ruwaya ta inganta ko tana da rauni. Abin da ilmin ƙididdiga yake so a yi wa lambobi ke nan.

WA YA ƘIRGA, KUMA DON ME?

Dattawan ƙasar nan sun tuna zamanin haraji da jangali, sa'ad da malaman En'e sukan bi gari gari suna rubuta magidanta da shanu. Kowa ya san abin da kan faru in labarin zuwan masu ƙirga ya iso: garke kan yi nisa cikin daji, wani ma ya ƙetare iyaka sai ƙura ta lafa. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano bayan hawansa a 1979, lokacin Gumel tana cikinta, tun ba a yanki Jihar Jigawa ba a 1991. Amma littattafan suna nan, masu tarihi suna aiki da su. Wanda ya ɗauki adadin shanun da ke cikinsu ya ce iyakar shanun ƙasar ke nan ya yi kuskure, domin an yi ƙirgar ne don karɓar kuɗi, mai dukiya kuwa ribarsa tana cikin ragewa.

Ƙidayar jama'a ta ƙasa baki ɗaya ta nuna ɗaya gefen. Da aka gane cewa kujerun majalisa da rabon arziki suna bin yawan mutane, sai riba ta koma cikin ƙarawa. An soke ƙidayar 1962 saboda gardama, aka sake a 1963 aka ce Nijeriya tana da mutum miliyan 55.6. An soke ta 1973 ita ma. Ta 1991 ta ba da miliyan 88.9, ƙasa da abin da masana da yawa suka yi tsammani, ta 2006 kuma ta ba da miliyan 140.4. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Wannan ba hujja ba ce ta a watsar da ƙidaya, domin babu gwamnatin da za ta gina makaranta ko asibiti ba tare da ita ba. Abin nufi shi ne ɗalibi ya saba da tambayoyi uku tun kafin ya taɓa na'urar lissafi: wa ya ƙirga, yaya ya ƙirga, kuma wanda aka ƙirga yana da dalilin ɓoyewa ko ƙarawa?

Akwai wani tarko da ke nan kusa, malamai kuwa suna son ɗana shi a jarrabawa. Ƙidayar 2006 ta ba Maigatari mutum wajen dubu 180, Gagarawa kuwa wajen dubu 80. A ce, don misali kawai, wata cuta ta kama mutum 360 a Maigatari, ta kama 240 a Gagarawa. Mai gaggawa zai ce ta fi tsanani a Maigatari. In an raba da yawan jama'a, sai a ga mutum 2 ne cikin kowane 1,000 a Maigatari, a Gagarawa kuwa mutum 3. Hukunci ya juya ke nan. Ɗalibi mai zurfin tunani zai ƙara da cewa adadin da aka yi rabon da shi ya tsufa, kuma asibitin garin kan iyaka yakan karɓi marasa lafiya daga ƙetare, waɗanda ba su cikin ƙidayar garin tun farko. Irin wannan ƙarin shi ke raba amsa mai kyau da amsa mai ƙwari.

MATSAKAICI DA ABIN DA YAKE ƁOYEWA

Matsakaici shi ne a tara adadi duka a raba da yawansu. Sauƙinsa ne ya sa ake yawan ruɗin mutane da shi. A ce manoma biyar a wani ƙauye sun sami gero dami 20, da 25, da 30, da 35, na biyar kuwa babban manomi ne mai shanun huɗa ya sami dami 390. Jimla dami 500, matsakaici dami 100. Wanda ya kai wa Gwamnati rahoto cewa manomin ƙauyen nan yakan sami dami 100 bai yi ƙarya a lissafi ba, amma gida huɗu cikin biyar ba su ga ko rabin haka ba, in kuwa aka raba taimako bisa rahoton nan za a tsallake su. Maganin wannan shi ne a jera adadin daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya, watau dami 30. Ɗan tsakiya ba ya jin nauyin mutum ɗaya da ya yi fice. Saboda haka a sha'anin dukiya da albashi da girman gonaki, inda kullum akwai 'yan kaɗan da suka yi wa sauran nisa, shi ya fi faɗin gaskiya.

Har wa yau matsakaici ba ya faɗin yadda adadi suka warwatsu. Ga gonaki biyu, an lura da su shekara biyar. Ta fari ta ba da dami 38, 40, 42, 40, 40. Ta biyu ta ba da 10, 70, 20, 65, 35. Kowacce matsakaicinta 40. Amma babu magidancin da zai ce ɗaya suke, domin mai gona ta biyu ya shekara biyu rumbunsa bai kai shi bazara ba. Ma'aunin warwatsuwa shi ke bayyana wannan bambanci. Akan ɗebe matsakaici daga kowane adadi, a ninka abin da ya rage da kansa, a tara, a raba da yawan adadin ban da ɗaya, sa'an nan a nemi tushensa. A gona ta fari ana samun wajen 1.4, a ta biyu wajen 27. A ƙasa irin ta Gumel, inda damina gajeriya ce kuma ruwan bana ba ya yi wa na baɗi alkawari, adadi na biyun nan ya fi na farkon muhimmanci ga mai iyali. Ɗalibin da ya lissafa shi daidai amma ya kasa faɗin ma'anarsa cikin jimla ɗaya ya bar maki a kan tebur.

SOKA BUHU

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, mai sayen riɗi ko zoɓo ba ya zazzage kowane buhu ya duba. Yakan ɗebi kaɗan ya yanke hukunci a kan duka. Wannan shi ne samfur, kuma kusan dukan binciken da ɗalibi zai karanta a kansa aka gina shi. Amma gogaggen ɗan kasuwa ba ya ɗiba daga bakin buhu kaɗai, domin ya san mai algus a nan yake zuba mai kyau. Yakan sa hannu ko ƙarfe ya ɗebo daga tsakiya da gindi, yakan kuma zaɓi buhunan da zai duba da kansa, ba waɗanda mai kaya ya jawo masa ba. Da zai ɗebi tiya goma daga saman buhu, da bai san abin da ke ƙasa ba. Cikin hannu ɗaya daga wurare dabam dabam ya fi masa amfani.

An ga wannan a Amurka a zaɓen 1936. Wata mujalla mai suna Literary Digest ta tattara amsoshin mutum fiye da miliyan 2, ta ce Landon zai kā da Shugaba Roosevelt. George Gallup ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai in an gwada da wannan, ya ce Roosevelt zai ci. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta samo sunaye ne da yawa daga littattafan masu tarho da masu mota, watau masu hannu da shuni, kuma waɗanda suka ga dama ne kaɗai suka mayar da amsa. Saman buhu ta ɗiba, yawan ɗiban kuwa bai cece ta ba.

Hanyar da masana suka yarda da ita ita ce ƙuri'a, yadda kowane mutum zai sami dama daidai da ta ɗan'uwansa ta shiga samfur. In an yi haka, lissafi yana iya faɗin girman kuskuren da za a yi tsammani. Mutum 100 da aka zaɓa da ƙuri'a sukan ba da amsa wadda kuskurenta zai iya kai 10 cikin 100 sama ko ƙasa. Mutum 400 sukan rage shi zuwa 5, mutum 1,000 kuwa zuwa wajen 3. A lura, sai an ninka samfur sau huɗu kafin kuskure ya ragu da rabi. A kuma lura da abin da ya fi wannan: tazarar nan tana auna kuskuren sa'a ne kaɗai. Ba ta san kome ba game da tambaya mai karkata, ko matan kulle da ba a shiga aka tambaya ba, ko makiyayan da ba su gida ranar da aka zo.

ABIN DA AKA YI A GARKI

Ɗalibin ƙasar Gumel ba ya bukatar ƙetare teku kafin ya ga babban bincike da idonsa. Garki, maƙwabciyar Sule Tankarkar ta kudu, sunanta yana cikin littattafan likitoci na duniya. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka gudanar da bincike a can a kan zazzaɓin cizon sauro. Tambayarsu ita ce: in an yi wa ɗakuna feshin maganin sauro, aka kuma ba jama'a duka magani, za a iya yanke cutar a ƙasa irin wannan? Ya kamata a bi yadda suka tsara aikin daki daki, domin kusan duk abin da ake tambaya a jarrabawar hanyoyin bincike yana ciki.

Da fari ba su taɓa kome ba. Daga ƙarshen 1970 zuwa farkon 1972 aunawa kawai suke yi. Sun zaɓi ƙauyuka 22, suka kasa su rukuni 8, suna komawa kowane mako goma suna ɗiban ɗigon jini a gilashi su duba da madubin likita, suna kuma kama sauro suna ƙirgawa. Suka tarar a lokacin damina fiye da rabin mutane suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, yara ƙanana kuwa sun fi kowa. Amfanin wannan jira shi ne sanin yadda cutar take hawa da sauka da kanta tsakanin damina da rani. Wanda ya auna zazzaɓi a watan Satumba, ya ba da magani, ya sake aunawa a watan Maris, lalle zai ga ragi ko da ruwan rijiya ya ba mutane.

Sa'an nan a daminar 1972 da ta 1973 suka shiga aiki. Rukuni biyu aka yi musu feshin wani magani mai suna propoxur kaɗai. Rukuni biyu aka yi musu feshi aka kuma raba musu ƙwayoyin magani kowane mako goma. Rukuni biyu aka yi musu feshi, ana ba su maganin kowane mako biyu a lokacin damina. Rukuni biyun da suka rage kuwa ba a yi musu feshi ba, ba a yi musu rabon maganin gayya ba, aka ci gaba da auna su don kwatance.

Waɗannan ƙauyuka na kwatance su ne ƙashin bayan binciken, dalilin kuwa tsofaffin ƙasar nan sun san shi ba sai an faɗa musu ba. Shekarun 1972 da 1973 su ne na babban farin da ya kashe dabbobi ya kori mutane daga gidajensu a duk faɗin Sahel. In ruwa ya yi ƙaranci kududdufai sukan ƙafe da wuri, yawan sauro kuma ya sāke. Da masu binciken sun yi wa kowane ƙauye feshi, suka ga wani canji, da ba mai iya rarrabe aikin magani da aikin fari. Da yake fari ya sauka a kan ƙauyukan magani da na kwatance baki ɗaya, bambancin da ya rage tsakaninsu shi ne za a jingina ga magani. Duk rahoton da ya ce an yi kaza sai abu ya gyaru, tambayar fari da za a yi masa ita ce: in an gwada da wa?

Sakamakon bai zo yadda aka yi fata ba. Feshi kaɗai ya rage sauro, amma bai rage yawan masu ɗauke da cutar ba sai kaɗan, domin sauron ya yi yawa ainun tun farko, kuma waɗansunsa ba su sauka a bangon ɗaki bayan sun yi cizo, waje suke fita su huta. Inda aka haɗa feshi da magani, musamman na kowane mako biyu, masu ɗauke da cutar sun ragu ƙwarai har suka zama 'yan kaɗan cikin ɗari. Duk da haka yaɗuwar cutar ba ta yanke ba. Masu binciken ba su tattara kayansu sun tafi da labari mai daɗi ba. Suka ci gaba da aunawa bayan an daina aikin, suka ga cutar ta komo kamar yadda take. L. Molineaux da G. Gramiccia suka wallafa wannan duka a littafi a 1980, suka faɗi abin da ya yiwu da abin da bai yiwu ba. Ana samun littafin a ma'ajiyar hukumar ta intanet.

To, ko bincike mai daraja irin wannan yana da inda za a kama shi, ɗalibi kuwa kada kunya ta hana shi faɗi. Ba da ƙuri'a aka raba ƙauyukan ba, an bi yadda suke a shimfiɗe a ƙasa ne, saboda haka yana yiwuwa sun bambanta tun asali, wani kusa da fadama wani a kan tudu. Aunawar da aka yi tun kafin a fara ita ce ta rage wannan rauni. Na biyu, ko da yake mutanen da aka auna dubbai ne, ƙauye aka yi wa feshi ba mutum ɗaya ɗaya ba, mutanen ƙauye ɗaya kuwa sauro ɗaya ke cizonsu. Saboda haka a wajen kwatance rukuni biyu ne ake gwadawa da rukuni biyu. Wannan kuskure, watau ƙirga mutane alhali ƙauyuka ko makarantu ko azuzuwa aka raba, yana cike da kundayen ɗalibai har yau.

Raba mutane da ƙuri'a a gwajin magani ya kafu ne da gwajin da aka wallafa a Ingila a 1948 a kan maganin tarin fuka mai suna streptomycin. Kafin nan R. A. Fisher ya riga ya shimfiɗa ƙa'idar a gonakin gwaji na Rothamsted, inda ya fara aiki a 1919, irin tsarin da ake bi a gonakin gwaji na Samaru. Amfanin hanyar ya iso har ƙofar gida. Maganin da ma'aikatan lafiya suke bi gida gida suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar wata wata a lokacin damina, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi shi ne a 2012, bayan gwaje-gwaje da aka raba da ƙuri'a a ƙasashen Afirka ta Yamma sun nuna yana hana wajen kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin yara a lokacin da ake shansa. A lura da yadda burin ya sāke. Ba a ce za a yanke cutar ba, an ce za a tsare yara a watannin haɗari.

TAFIYA TARE BA HADDASAWA BA CE

Lokacin da ake gasa tumu shi ne lokacin da zazzaɓi ya fi kwantar da yara. Wanda zai rubuta yawan tumun da ake ci kowane wata, da yawan masu zazzaɓi, zai ga suna hawa tare suna sauka tare, lissafinsa kuma zai nuna dangantaka mai ƙarfi. Amma tumu ba shi da laifi. Damina ce ta nunar da gero, ita ce kuma ta tara ruwan da sauro ya hayayyafa a ciki. Tun 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro. Duk inda aka ga abu biyu suna tafiya tare, sai a nemi na uku da yake jan su duka. In an ce manoman da suka sa takin zamani sun fi samun amfani, mai yiwuwa ne takin ne, mai yiwuwa ne kuma masu iya sayen taki su ne masu kyawawan gonaki da kuɗin ƙwadago da shanun huɗa.

Sai kuma harafin nan p, wanda ɗalibai suke jin tsoronsa kamar dodo. Ma'anarsa ita ce: a ɗauka babu wani bambanci na gaskiya tsakanin abu biyu, to sau nawa sa'a kaɗai za ta kawo bambanci mai girman wanda aka gani ko fiye? In amsar ba ta kai 5 cikin 100 ba, watau 0.05, al'ada ce a ce da wuya sa'a ce kawai. Iyakarsa ke nan. Ba ya nufin an tabbatar da maganar mai bincike, ba ya kuma nufin bambancin yana da girma. Da samfur mai yawa, irin shuka da ya fi wani da rabin mudu a eka yana iya cin wannan gwaji, alhali ba manomin da zai sake iri saboda rabin mudu. Kuma wanda ya gwada abu ashirin waɗanda ba su da wani tasiri, a bisa lissafi ɗaya daga cikinsu zai iya fitowa kamar yana da shi. In ya wallafa wannan ɗaya ya yi shiru a kan goma sha tara, ya yi algus ko da kowace lamba tasa daidai ce.

Haka nan a yi hattara da kalmar "rabi". In an ce magani ya rage haɗari da rabi, a tambaya rabin me. Daga mutum 40 cikin 100 zuwa 20 rabi ne, daga mutum 2 cikin 10,000 zuwa 1 shi ma rabi ne. Na farko ya isa a sayar da akuya a saya, na biyu kuwa sai an yi shawara.

SHIRIN JARRABAWA

Ƙididdiga da alƙalami ake karanta ta. Ɗalibi ya nemi tambayoyin shekarun baya ya yi su da hannunsa, ya fi masa karanta littafi sau uku yana gyaɗa kai. Ya saba da na'urar lissafin da zai shiga da ita tun farkon zango, kada ya aro wata a daren jarrabawa, ya kuma koyi duba jadawalin da ke bayan littafi tun da sauran lokaci. Da yake da Turanci ake jarrabawar, yana da amfani abokai uku ko huɗu su zauna, kowa ya bayyana ma'anar kalma ɗaya da Hausa da misalin gona ko kasuwa. Wanda ya kasa bayyana ta da harshen uwarsa, haddace ta ya yi.

A cikin ɗaki kuwa, ya rubuta kowane mataki, domin malamai da yawa sukan ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Ya sa ma'auni a bayan kowane adadi, kilo ne ko naira ko mutum. Ya dubi amsarsa da hankalin ɗan kasuwa: in lissafi ya ce matsakaicin nauyin akuya kilo 400 ne, ko yiwuwar abu ta wuce 1, to akwai ɓata a baya. In aka ba shi rahoto ya auna, kada ya tsaya ga cewa samfurin ya yi kaɗan, domin kowa haka yake rubutawa. Ya faɗi yadda aka zaɓi mutanen, da wanda aka bari a baya, da abin da aka gwada da shi, da abu na uku da zai iya shiga tsakani, da wanda ya biya kuɗin binciken, sa'an nan ya faɗi gefen da kowane rauni zai karkatar da sakamakon. Ya kuma faɗi abin da binciken ya yi daidai, gama mai auna hujja ba mai neman aibi kaɗai ba ne.

A shekarar ƙarshe za a ce ya yi nasa binciken ya rubuta kundi. Nan ne jarabar raba takardun tambaya ga abokai a bakin ƙofar makaranta takan zo, sa'an nan a rubuta cewa ra'ayin mutanen Gumel ke nan. Hanyar da ta dace ba ta da tsada. Ya karɓi takardar gabatarwa daga sashensa ya kai wa hakimi, hakimi ya haɗa shi da dagaci da masu unguwanni. Ya rubuta sunayen unguwanni a ƙananan takardu, ya zuba a hula, wani yaro ya zaro. A unguwar da ta fito ya lissafa gidaje ya sake yin ƙuri'a. Ya tafi da 'yar'uwarsa ɗaliba wadda za ta shiga cikin gida ta tambayi mata. Ya bayyana wa kowa abin da ake nema da shi, ya nemi yardarsa, wanda ya ƙi kuwa a ƙyale shi. Gidan da ya tarar maigidan yana gona ko ya tafi cin rani, ya koma sau biyu ko uku, in bai same shi ba ya rubuta a kundinsa gida nawa ne aka rasa da dalilin rasa su.